BABI NA UKU: RAYUWAR LUCKY DUBE DA WAƘOƘINSA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin hanyoyin da baƙin kaɗe-kaɗe suka biyo suka shigo ƙasar Hausa, tun daga zamanin garmaho da akwatin rediyo har zuwa lokacin da kaset ya zama ruwan dare. A wannan babi kuwa za a ɗauki mawaƙi ɗaya tak daga cikin masu kiɗan rege, a bi sawun rayuwarsa tun daga haihuwa har zuwa mutuwa, sa'an nan a ɗora shi bisa ma'aunin da aka saba auna makaɗan Hausa da shi. Wato za a duba yadda ya sami kiɗa, ko gado ya yi ko haye, da wanda yake yi wa waƙa, da kuma jigogin da ya fi mayar da hankali a kansu. Mawaƙin da aka zaɓa shi ne Lucky Dube, mutumin Afirka ta Kudu, wanda ya rayu daga 1964 zuwa 2007.

Ana iya tambaya, don me aka tsallake Bob Marley, alhali shi ne sunan da kowa ya sani? Dalili shi ne Marley ɗan ƙasar da aka ƙagi kiɗan ne, yana ma cikin waɗanda suka gina shi, don haka kayan gidansu ya taɓa. Dube kuwa aro ya yi, kamar yadda duk wani saurayi Bahaushe da ya yi sha'awar kiɗan zai yi. Hausawa kan ce kayan aro ba ya rufe katara. Abin da ake son ganowa a nan shi ne me Dube ya ara, me ya bar wa masu shi, kuma da me ya cike gurbin abin da ya bari. Tambayar tana da muhimmanci, domin a wurin dattawa da yawa a ƙasar Hausa, da an ambaci rege abin da ke faɗo musu a rai shi ne tabar wiwi da duƙunƙunannen gashi, ba wani abu ba.

3.1 Kiɗan Rege a Taƙaice

Rege kiɗa ne na tsibirin Jamaika, ƙasar da galibin mutanenta jikokin bayi ne da aka kwasa daga Afirka aka kai su noman rake. Ƙasar ta sami mulkin kai daga Ingila a 1962. A wajejen wannan lokaci kiɗan da ke tashe shi ne wani mai sauri da ake kira ska. Daga baya aka rage masa sauri, har zuwa 1968 lokacin da sunan rege ya fito fili.

Abin da ya bambanta rege da sauran kaɗe-kaɗen Turawa shi ne wurin da yake sauke nauyinsa. Idan aka ƙirga bugu huɗu, mai ganga yakan bar na farko fayau, ya sauke nauyi a kan na uku, ita kuma ƙaramar jita tana sara a kan na biyu da na huɗu. Babbar jita mai kaurin murya ita ke jan ragamar kiɗan, kusan yadda uwar ganga ke yi a cikin taron makaɗa. Wannan shi ya sa mai sauraro ke jin kiɗan yana tafiya a hankali, yana rangaji, ya kuma bar wa mawaƙi fili ya faɗi maganarsa a ji.

A shekarun 1970 aka sami reshen da ake kira rege na asali, wanda su Bob Marley da Peter Tosh da Burning Spear suka yi fice a kansa. Wannan reshe ba ya rabuwa da aƙidar Rasta. Aƙidar ta samo sunanta daga Ras Tafari Makonnen, wanda aka naɗa Sarkin Habasha a 1930 da sunan Haile Selassie. Mabiyanta suna ganinsa a matsayin mai ceton baƙar fata, wasunsu har suna ɗaukarsa abin bauta. Suna barin gashi ba aski ba taza har ya yi igiyoyi, suna ɗaukar shan wiwi a matsayin wani ɓangare na ibada, kuma suna kiran duk wani tsarin zalunci da sunan Babila. Ke nan rege na asali abu uku ne a ƙunshe: akwai kiɗa, akwai aƙida, akwai kuma kukan talaka. Ya kamata a riƙe wannan rabe-rabe, domin da shi za a gane abin da Dube ya yi.

3.2 Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Lucky Philip Dube ranar 3 ga Agusta 1964 a yankin Ermelo, cikin lardin da a da ake kira Gabashin Transvaal, wanda yanzu ya koma Mpumalanga. Mahaifiyarsa Sarah ta sha yin ɓari kafin ta same shi, shi ya sa ta raɗa masa suna Lucky, wato mai sa'a. Da a ƙasar Hausa ne, irin yaron da za a kira Barau ko Ajuji ke nan, sai dai ita ta zaɓi ta bayyana murnarta a fili maimakon ta ɓoye ta. Iyayensa sun rabu tun yana ciki, saboda haka bai tashi a gaban mahaifinsa ba. Ita ma mahaifiyar neman abinci ya raba ta da gida, sai riƙonsa ya koma hannun kakarsa, wadda ya sha ambato da alheri bayan ya girma.

Ba za a fahimci wannan tarwatsewar gida ba sai an dubi ƙasar da aka haife shi a cikinta. Tun daga 1948 gwamnatin tsirarun fararen fata ta mayar da wariyar launin fata doka. Tun kafin nan ma an riga an keɓe wa baƙaƙe, waɗanda su ne mafiya yawa, abin da bai wuce kashi 13 cikin ɗari na ƙasar ba. Namiji ya tafi mahaƙar zinariya ko ta kwal, mace ta tafi aikatau gidan Bature, yara su zauna da tsofaffi a ƙauye. Baƙar fata ba ya shiga birni sai da takardar izini a aljihu. Dokar ilimi ta 1953 kuma an tsara ta ne don a ba ɗan baƙar fata ilimin da zai ishe shi yin ƙwadago kawai.

Dube ya fara aikin gadina a gidajen fararen fata tun yana yaro ƙarami, kafin ya shiga makaranta. A makarantar ne aka gane yana da murya, ya shiga ƙungiyar mawaƙa ta ɗalibai, daga baya shi da abokansa suka kafa wata 'yar ƙungiyar kiɗa da suka kira Skyway Band. A can ne kuma ya fara karanta labarin 'yan Rasta a ɗakin karatu na makaranta. Wato a littafi ya fara gamuwa da aƙidar, ba a zaure ko a majalisar masu ita ba.

3.3 Shigarsa Kiɗa da Sauya Akala

Idan aka bi rabon da masana suka yi wa makaɗan Hausa, Dube ɗan haye ne, domin ba a san mahaifinsa da kiɗa ba. Sai dai ya sami tsani a cikin dangi. Yana da shekara 18 ya shiga ƙungiyar wani ɗan'uwansa mai suna Richard Siluma, wadda ake kira Love Brothers. Kiɗan da suke yi shi ne mbaqanga, wato kiɗan zamani na baƙaƙen birane wanda aka fi rerawa da harshen Zulu, mai sauri, na rawa da nishaɗi. Kamfanin faifai na Teal, wanda daga baya ya narke cikin kamfanin Gallo, shi ya ɗauke su. A farkon shekarun 1980 Dube ya fitar da faya-fayai da dama na mbaqanga, kuma sun sami kasuwa daidai gwargwado. Siluma ya ci gaba da zama mai shirya masa waƙoƙi na tsawon shekaru.

A nan ne ya yi abin da ya canza rayuwarsa. Yakan saka waƙar rege ɗaya ko biyu a wurin wasa, sai ya lura jama'a suna karɓarsu hannu bibbiyu. Ya kuma ga cewa abin da su Peter Tosh da Jimmy Cliff ke kuka a kansa a Jamaika, shi ne abin da ke faruwa a ƙofar gidansa. Shi Jimmy Cliff ma ya taɓa zuwa Soweto ya yi wasa a 1980. A 1984 sai Dube ya fitar da ƙaramin faifai na rege mai suna Rastas Never Die, ma'ana 'yan Rasta ba sa mutuwa. Faifan bai yi kasuwa ba. An ruwaito cewa kwafi kimanin 4,000 aka sayar, alhali faifansa na mbaqanga yakan kai 30,000. Daɗin daɗawa, a 1985 gwamnati ta haramta shi. Wannan ita ce shekarar da aka kafa dokar ta-ɓaci a sassan ƙasar saboda boren unguwannin baƙaƙe.

Duk mai lissafin riba da ya ga haka zai koma inda ya fito. Kamfanin ma abin da ya so ke nan. Dube bai koma ba. A 1985 ya sake fitar da wani faifan rege, Think About the Children, wato a tuna da yara, kuma shi ne ya buɗe masa ƙofa.

Akwai abu biyu da ya kamata a lura da su game da wannan sauyi. Na farko, ya bar harshen uwa ya koma Ingilishi, harshen da sai da ya zage ya ƙara koyonsa bayan ya fara waƙa. Wannan a ido hasara ce, amma a ƙasar da gwamnati ta raba gidajen rediyo ƙabila-ƙabila, waƙar Zulu Bazule kaɗai take kai wa. Ingilishi ne ya fitar da shi daga wannan shinge. Na biyu, Ingilishin nasa ba irin na Jamaika ba ne mai wuyar ji, wanda ko Bature sai ya kasa kunne. Ingilishi ne na ɗan makaranta, mai gajerun jimloli, wanda ɗan aji uku na sakandare a Funtuwa ko Malumfashi zai iya bi ya tsinci ma'ana. Ga alama wannan yana cikin manyan dalilan da suka sa ya ratsa Afirka fiye da mawaƙan Jamaika da yawa da suka girme shi a fagen.

3.4 Shahararsa

Daga 1987 zuwa 1993 ne tauraronsa ya fi haskawa. A 1987 ya fitar da Slave, wanda aka sayar da fiye da kwafi 500,000. Together as One ya biyo baya a 1988, sai Prisoner a 1989, da House of Exile a 1991, da Victims a 1993. A 1991 ya je Jamaika ya yi wasa a babban bikin rege da ake kira Reggae Sunsplash, masu kiɗan da kansu suka yaba masa. A 1995 ya fitar da Trinity a ƙarƙashin wani reshe na kamfanin Motown na Amurka, kuma a 1996 aka ba shi lambar mawaƙin Afirka da ya fi kowa cinikin faifai a bikin da aka yi a Monte Carlo. Bayan nan akwai Taxman a 1997, da The Way It Is a 1999, da Soul Taker a 2001, da The Other Side a 2003. Na ƙarshe da ya fitar da ransa shi ne Respect a 2006. Jimlar faya-fayansa ta haura 20, cikin harsunan Zulu da Ingilishi da Afirkans.

A Nijeriya ya tarar da ƙasa a jiƙe. Tun a ƙarshen shekarun 1970 Sonny Okosun ya yi waƙa a kan Soweto, kuma gwamnatocin Nijeriya sun daɗe suna adawa da mulkin wariya, don haka labarin Afirka ta Kudu ba baƙo ba ne ga mai sauraron rediyo. Bayan tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 kuma sai mawaƙan rege na gida suka taso, irin su Mandators da Majek Fashek da Ras Kimono, suna kukan tsadar rayuwa. A cikin wannan yanayi kaset-kaset ɗin Dube suka bazu har Arewa, a tashoshin mota da shagunan masu kaset da ɗakunan samari.

3.5 Jigogin Waƙoƙinsa

Mai jin labarin Dube daga nesa zai zaci duk waƙoƙinsa a kan wariyar launin fata suke. Ba haka abin yake ba. Gaskiya ne waƙar Together as One ta ambaci wariyar da sunanta a lokacin da yin hakan ke da haɗari, kuma House of Exile ta yi magana a kan ɗan gwagwarmayar da aka raba da gida. Amma idan aka bi waƙoƙin ɗaya bayan ɗaya za a tarar jigon da ya fi yawa shi ne na cikin gida, wato aure da saki da tarbiyya da shaye-shaye.

Alal misali, sunan waƙar Slave, wato bawa, zai sa a yi tsammanin cinikin bayi za a ji, kamar yadda mawaƙan Jamaika suka saba. Amma bawan da ke cikinta bawan kwalba ne, mashayin da giya ta raba shi da mutuncinsa da iyalinsa. Dube ya sa kansa a matsayin mashayin, yana magana da bakinsa, ba ya tsaya gefe yana zaginsa ba. A nan ya yi hannun riga da Alhaji Mamman Shata, wanda waƙarsa ta Sha Ruwa ta sha suka daga malamai. Wanda ya fi kusa da shi a wannan jigo shi ne Mu'azu Haɗeja a Waƙar Giya, sai dai Mu'azu wa'azi ya yi daga sama, da tsoratarwa, shi kuwa Dube ikirari ya yi daga ciki.

Haka nan waƙar Remember Me, wadda ke cikin faifan Prisoner, muryar yaro ce da mahaifinsa ya tafi birni neman aiki bai dawo ba. Wanda ya san tarihin mawaƙin ba sai an gaya masa inda ya samo wannan ba. Think About the Children ma kira ne ga iyayen da ke rabuwa su bar 'ya'ya a tsakiya. It's Not Easy kuwa labarin mutum ne da ya ƙi jin shawarar mahaifiyarsa a kan aure, ya dawo yana ba ta labarin mutuwar auren. Ita waƙar Prisoner kanta ta haɗa gida da hukuma: akwai yaron da ya yi watsi da gargaɗin manya ya ƙare a gidan kaso, akwai kuma zargi a kan hukumar da ta fi ba gidan kaso muhimmanci a kan makaranta.

Wurin da ya fi nuna cewa shi ba mai bin iska ba ne shi ne bayan faɗuwar mulkin wariya. An saki Nelson Mandela ranar 11 ga Fabrairu 1990, aka yi zaɓen gama-gari a Afrilu 1994. Tsakanin waɗannan shekaru dubban baƙaƙe suka mutu a hannun 'yan'uwansu baƙaƙe, a rikicin magoya bayan jam'iyyun ANC da Inkatha. A cikin wannan hali ya yi waƙar Victims, inda ya nuna cewa waɗanda aka zalunta sun juya suna cin junansu. Bayan baƙar fata ya hau mulki kuma, lokacin da ake sa ran kowane mawaƙi zai shiga sahun masu taya murna, sai ya fito da Taxman yana tambayar inda kuɗin haraji ke tafiya, ya kuma yi Crime and Corruption a 1999 a kan fashi da cin hanci.

Ta fuskar salo, dole a faɗi gaskiya, Dube ba gwanin sarrafa harshe ba ne irin na manyan makaɗan Hausa. Ba a samun zurfin azanci irin na Narambaɗa a wurinsa, ko kaifin habaici irin na Shata. Maganarsa a miƙe take, wani lokaci har ta yi kama da jawabin malamin makaranta, kuma an sha cewa muryarsa da zubin waƙarsa sun yi kama da na Peter Tosh ƙwarai. Ƙarfinsa yana wurin labari da murya. Yakan ɗauki mutum ɗaya ya ba da labarinsa daga farko zuwa ƙarshe, yana hawa da murya sama ƙwarai yana saukowa, 'yan amshinsa mata uku suna karɓa masa. Wannan amshi, da zaƙin fiyano da ke ratsa kiɗan, da rawar Zulu da ake yi a dandali, duk guzuri ne da ya taho da shi daga mbaqanga da waƙoƙin coci na ƙasarsu. Ashe bai bar kiɗan gida baki ɗaya ba, cusa shi ya yi a cikin na aro.

3.6 Dube a Ma'aunin Makaɗan Hausa

Makaɗin Hausa na gargajiya da wuya a raba shi da ubangida. Makaɗin fada yana da sarkinsa, kamar yadda Narambaɗa ya zauna da Sarkin Gobir na Isa. Makaɗin maza yana da gwarzonsa, kamar Ɗan Anace da Shago. Makaɗin jama'a irin Shata kuwa yana da iyayen gida barkatai, sarakuna da attajirai da direbobi. Abincin makaɗi yana fitowa daga kyautar wanda aka wasa, shi ya sa yabo ya zama babban jigo, zambo kuma ya zama makamin da ake tsare abincin da shi. Dube ba shi da ubangida irin wannan. Abincinsa yana fitowa daga cinikin faifai da kuɗin shiga wasa, wato daga aljihun dubban mutanen da bai san sunansu ba. Wannan ne ya ba shi damar sukar gwamnatin farare, ya kuma soki ta baƙaƙe. Ba a nufin ya fi makaɗan Hausa ƙarfin zuciya. Shata ma ba a san shi da tsoro ba. Abin nufi shi ne hanyar cin abinci ita ke yanke wa mawaƙi iyakar bakinsa, kuma shi ma Dube yana da nasa takunkumin, wato kamfani da hukumar tace waƙoƙi. Idan ana neman takwaransa a Hausa, sai a duba wajen Ɗan Maraya Jos, wanda ya yi wa karen mota waƙa, ko kuma marubuta waƙoƙin NEPU irin su Gambo Hawaja.

Game da aƙida kuwa, Dube ya bar gashi irin na 'yan Rasta, yana kuma ambaton Ubangiji da sunan da suke kiransa. Amma an san shi da cewa ba ya shan wiwi, ba ya shan taba, ba ya shan giya. Ya taɓa bayyana cewa idan Rasta na nufin shan wiwi da ɗaukar Haile Selassie abin bauta, to shi ba ya ciki, idan kuwa ana nufin farkawa da sanin halin da jama'a ke ciki, to yana ciki. A ƙarshen rayuwarsa ma mabiyin cocin Shembe ne, wani coci na Zulu da Isaiah Shembe ya kafa a farkon ƙarni na 20, wanda ya hana mabiyansa giya da taba da aske gashi. Ke nan daga cikin abubuwa ukun da aka ambata a 3.1, ya ɗauki kiɗa da kukan talaka, ya bar mafi yawan aƙidar a Jamaika.

Wannan ne ya sa waƙoƙinsa ke iya zama a kunnen mutumin da bai san Ermelo ba. A ɗauki ƙananan hukumomin Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa a kudancin Jihar Katsina. Yanki ne na manoman masara da dawa da auduga, inda tafiya ci-rani tsohuwar al'ada ce, kuma ba a rasa gidan da wani ya tafi Kaduna ko Legas ko Kurmi aka daɗe ba a ji ɗuriyarsa ba. Yaron da ke cikin Remember Me ba baƙo ba ne a irin waɗannan garuruwa. Haka kuma waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin waɗanda hare-haren 'yan bindiga suka fi shafa a jihar. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, aka sako su bayan kusan mako guda. Ba za a ce Dube ya hango wannan ba, kuma rikicin Afirka ta Kudu dabam yake da na dajin Katsina ta fuskar asali da dalili. Sai dai tambayar da ya yi a Victims, ta yadda talaka ke zama abincin talaka ɗan'uwansa, da wadda ya yi a Prisoner game da matsayin makaranta a idon hukuma, tambayoyi ne da manomin Faskari zai gane ba tare da dogon sharhi ba.

3.7 Mutuwarsa

A daren Alhamis 18 ga Oktoba 2007 Dube ya kai 'ya'yansa biyu gidan wani ɗan'uwansa a unguwar Rosettenville da ke Johannesburg. Yana cikin motarsa ƙirar Chrysler sai masu ƙwacen mota suka tare shi suka harbe shi. Ya yi ƙoƙarin jan motar ya tsere, amma bai yi nisa ba ya yi karo, ya cika a wurin. Yana da shekara 43. Shekara 20 kafin nan, a Satumba 1987, 'yan fashi suka harbe Peter Tosh a gidansa da ke Kingston, wato mutumin da Dube ya fi koyi da shi.

An kama waɗanda ake zargi cikin 'yan kwanaki. A shari'ar da aka yi a babbar kotun Johannesburg, an sami mutum uku da laifi, aka yanke musu ɗaurin rai da rai a Afrilu 2009. Daga cikin shaidar da aka bayar a kotu akwai cewa maharan ba su gane ko wane ne ba, sun ɗauka wani ɗan Nijeriya ne mai kuɗi. Wannan magana ta yi wa masoyansa na Nijeriya ciwo biyu, domin ta nuna irin kallon da ake yi wa 'yan ƙasarsu a can, duk da rawar da Nijeriya ta taka wajen yaƙi da mulkin wariya.

An binne shi a gonarsa da ke kusa da Newcastle a lardin KwaZulu-Natal, bisa tsarin cocin Shembe. Ya bar mace ɗaya da 'ya'ya bakwai. Ɗaya daga cikinsu, Nkulee Dube, ta ɗauki kiɗan rege bayansa, ta fitar da faifanta na farko a 2011.